Kawu da Ciwon Mazan Gidanmu

Waɗanda suka yi wa Kawu wanka sun ɗan jima kafin su fito. Babbansu, wani dattijo da ya saba wannan aiki a unguwarsu ta Kaura Namoda, ya tsaya a bakin zaure ya aika cikin gida a tambaya ko akwai abin da za a yi da hannuwan mamacin, don sun ƙi miƙewa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce yayarsa ciki ɗaya. Ta ce a gaya masa ya bar su yadda suke, a haka ya rayu, a haka za a sa masa likkafani.

Ban san Kawu yana da mutane haka ba sai ranar. Tabarmi suka cika layin har bakin masallaci. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu da kayan aikin asibiti a jikinsu, wasu daga Kasuwar Daji da ƙurar babur a fuska, kuma kusan duk wanda ya buɗe baki sai ya kawo maganar albasa, a yi dariya kaɗan, a koma share hawaye. Maƙwabcinsa mai kemis, wani Kirista da ya zo daga Filato tun yana saurayi, ya rufe shagonsa ya zauna cikin maza, ya bi gawa har maƙabarta. Da aka dawo sai ya kasa shiga gida, ya zauna a kan dakali yana cewa yanzu da wa zai yi gardama da safe. Wani Bafulatani ya taso daga wajen Jangeru da ɗansa matashi, ba su san kowa ba a gidan, suka yi addu'a suka ajiye ƙwaryar nono suka koma.

Maganar da ta tsaya mini a rai ta wani tsoho ce daga Badarawa, ƙauyen da iyayenmu mata suka fito. Ya leƙo ta ƙofar tsakar gida don ya yi wa mata gaisuwa, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin furfura a kan mai sanɗa ba sai a kan wannan bawan Allah. Kowace mace a wurin ta san abin da yake nufi, da yawa kuma sun binne ɗa ko ɗan'uwa da bai kai ga furfurar ba.

Saboda wannan magana na zauna nake rubutu. Yaranmu za su tashi su tarar ana kai su asibiti a duba zuciyarsu, su ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ina son su san mutum ɗaya ne ya fara, kuma bai samu abin da sauƙi ba.

A danginmu na wajen uwa akwai ciwon da ke bin maza. Yaro zai zo duniya lafiya lau, ya yi rarrafe, ya yi gudu. Sai wajen lokacin da ake sa shi makaranta dundunniyarsa ta fara ɗagewa daga ƙasa, ya riƙa tafiya a kan yatsu kamar mai sanɗa. Gwiwar hannu ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, wuya ya ƙage. Ba ciwo yake ji ba, hankalinsa kuma garau. Zai girma, ya yi aure, har ya haihu. Sai rana ɗaya, ba zazzaɓi ba tari, a ce ya faɗi. Babban wan su Inna ya je gindin bishiya ya huta ana tsakiyar noma, aka je tashinsa aka tarar rai ya yi halinsa. Mai bi masa ya faɗi a kasuwar Shinkafi yana cinikin rago. Kafin su ma an yi 'yan'uwan Kaka maza da suka tafi haka. Mutanen gari suna kiran mu gidan masu sanɗa. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce wata kakarmu ce ta zalunci wani aka yi mata baki. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka.

Kawu shi ne auta, shi ma da sanɗarsa. Da aka ga ba zai iya da fartanya ba sai aka tura shi boko, don a rage masa zaman banza. Haka ya zama malamin ilimin halittu a wata sakandare a Kaura Namoda. A hannunsa na yi karatuna na sakandare, a gidansa na zauna tare da 'ya'yansa.

Idan ka kira shi ta baya ba ya waiwayowa, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, a hankali, har ka fara nadamar kiran. Hannunsa ba ya kaiwa saman allo, saboda haka a rabin ƙasa yake rubutu, ƙanana, a jere. Ba ya son tausayi. In ka ce masa sannu sau ɗaya zai amsa, in ka maimaita sai ya tambaye ka ko an gaya maka ba ya da lafiya ne. Abin da ya fi tsana shi ne a zo masa da “an ce”. Ko matarsa ce ta fara da haka sai ya ɗaga gira ya ce, “Wa yac ce?” In babu amsa, maganar ta mutu a nan. Yana da saurin fushi, ba zan ɓoye ba, kuma in yana da gaskiya ba ya duba fuskar wanda yake gaya wa.

Albasa kuwa kullum akwai ɗaya a aljihunsa. Makarantar na da madubin likita guda ɗaya mai aiki, yana tsaronsa kamar jariri. Zai ɓare siririyar fatar albasa, ya ɗiga mata ruwan aidin don ta fito sarai, ya sa ɗalibai su yi layi. Ranar da layi ya zo kaina na ga abu kamar jerin tubali, kowanne da ɗan ɗigo a ciki. Ya ce tubalin nan su ne ƙwayoyin halitta, da irinsu aka gina albasa, da irinsu aka gina ni. Ɗigon kuma shi ne cibiyar ƙwaya, inda aka ajiye duk umarnin da mutum ya gada daga uwa da uba. A kewaye da cibiyar akwai wani tantani. A wancan lokacin, da jimla ɗaya yake wuce maganar tantanin, ya ce marufi ne kawai, a jarrabawa sunansa za a tambaye mu.

Yana cikin shekarunsa na arba'in ya faɗi a aji da alli a hannu. Ɗalibai suka kinkimo shi zuwa gida, har an fara salati, sai ya farfaɗo ya ce a ba shi ruwa. Mai kemis ya shigo ya kama tsintsiyar hannunsa, ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya ce wa matar Kawu bugun zuciyar nan ya yi nawa fiye da kima, kada a bar shi ya kwana a gida. Shi ya nemo mota. Daga Gusau aka tura su wani babban asibitin koyarwa, a can aka tsaga ƙasan kafaɗarsa aka dasa masa ɗan batir mai tunatar da zuciya ta buga idan ta yi jinkiri. Gonarsa ta gado ta tafi a kan wannan aiki, bai taɓa tayar da zancen ba.

A can wata likita ta lura da hannuwansa da tafiyarsa, ta zauna ta tambaye shi labarin gida tun daga kan kakanni. Ta yanki ɗan nama kaɗan daga jikinsa aka aika ƙasar waje. Bayan watanni aka kira shi. Ta nuna masa hotuna biyu a kwamfuta. A na farko, na mai lafiya, kowace cibiya tana da zobe mai haske a kewaye da ita. A na biyu, nasa, cibiyoyin suna nan amma babu zoben.

Ni ya fara yi wa bayani da ya dawo, lokacin na gama makaranta ina jiran aure. Ya ce ashe tantanin da ya raina ninki biyu ne, da ƙananan ƙofofi da saƙo ke shiga da fita ta cikinsu. Ta ciki kuma an shimfiɗa masa wata raga da ke riƙe cibiya ta tsaya da siffarta. Akwai wani sinadari da ke ɗaure ragar da tantanin, shi ne ke haske a hoton, shi ne kuma jikin mazan gidanmu ba ya yi. A ido ko a fata rashinsa ba ya damun kowa. Amma tsoka da zuciya kullum cikin ja da matsa suke, to a nan cibiyar ke yamutsewa, ta yage, ƙwayar ta mutu a hankali. A zuciya sai tabo ya tare hanyar da saƙon bugawa ke bi, saƙon ya riƙa makara, har ranar da ba zai iso ba. Ciwon yana da suna, sunan wasu likitocin Turai ne, har yau ban iya faɗarsa daidai.

Na zaci zan ga baƙin ciki a fuskarsa, sai na ga mutum yana walwala kamar an yi masa albishir. Ya ce shekara da shekaru yana zana da'irar nan a allo bai san kansa yake zanawa ba. Ya ce abin da ke da suna ana iya shirya masa.

Sauran bayanin ne ya kawo rigima. Ciwon ta jikin mata yake bi. Mace tana ɗauke da shi ba ta sani ba, ta haifi maza wani ya samu wani ya tsira, ta haifi mata wata ta ɗauka wata ba ta ɗauka ba. Namiji mai ciwon ba ya ba ɗansa, amma duk 'ya'yansa mata sun ɗauka. Kawu ya bari sai da aka taru a Badarawa da babbar Sallah, ana tsakiyar suyar nama, ya sa aka kira masa 'yan'uwansa mata. Ya tsuguna ya ɗauki kara yana zane a ƙasa, ga Kaka, ga 'ya'yanta, ga jikoki. Yana yi yana nuna mutane da karan, ke, da ke, wataƙila ke ma. Matan dangi na tsaye suna ji, har da baƙin da suka zo yawon Sallah.

Inna ta bari ya gama. Ta ce, “To Auta, uwarmu ita tak kashe ɗiyanta ke nan, mu ma mu muka kashe namu.”

Ya ce shi bai ce haka ba.

Ta ce, “Ka ce. Gaban mutane kac ce. Ɗiyanmu mata wa za shi ɗauka yanzu?”

Maimakon ya lallashe ta, sai ya ce mata gaskiya ba ta jiran a yi aure. Inna ta shafe zanen da ƙafarta, ta ce kada ya ƙara taka mata gida. Shekaru suka yi ba ta yi masa magana. Duk azumi sai ya aika mata da sukari da dabino, ta karɓa ta rabar a unguwa. Ita ba ta da ɗa mai sanɗa, saboda haka tana da inda za ta tsaya ta ce ƙarya ne.

Da 'ya'yansa ma bai sassauta ba. Duk wanda ya zo neman auren ɗiyarsa, kafin a kai ga maganar sadaki sai ya zaunar da manyansa ya gaya musu komai. Na farkon da ya zo wa babbar bai dawo ba. Ta yi kuka, ta daina kai masa abinci da hannunta. Matarsa ta ce masa ya fi son gaskiya da zaman lafiya, ya ce ƙwarai. Daga baya ɗiyar ta auri wanda ya ji bayanin kuma ya dawo.

Ni a Shinkafi na yi aure, ina koyarwa a firamare. Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, yaron wajena na fari ya ratsa tsakar gida zai tafi makaranta. Na bi sawunsa da ido a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ga yatsu da gaban ƙafa, babu dunduniya. Na zauna a bakin murhu har wutar ta mutu. Ranar na kira Kawu a waya.

Kafin ya zo magana ta riga ta fara yawo a gidan. Surukata ta ce dama an gaya mata irin da za a kwaso, ba a ji ba. Maigidana mutum ne mai shiru, sai ya ƙara yin shiru, ni kuma na san aurena na rawa. Kawu ya iso ranar kasuwa, ya sauka daga kabu-kabu da ƙyar, ya nemi a yi masa iso wurin surukata. Na tsaya a bayan labule ina tuna karan Badarawa.

Wannan karon bai zana komai ba. Ya gaishe ta har ƙasa duk da wuyansa ba ya sunkuyawa, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya sha furar da aka kawo masa. Sannan ya buɗe wuyan rigarsa ya nuna mata tabon, da ɗan tudun batirin a ƙarƙashin fata.

Ya ce, “Hajiya, ki dube ni. Yayyena ba su kai inda nik kai ba. Ba don na hi su komi ba, ni an duba ni, su ba a duba su ba.”

Ta tambaye shi to laifin wane ne. Ya ce mata ita ta zaɓa wa ɗanta tsawonsa ko hancinsa? Wanda ya raba waɗannan shi ya raba wancan, uwa ba ta da hannu a ciki, kuma wanda ya saukar da cuta bai hana a nemi magani ba. Ya ce yaron zai yi karatu, zai yi sana'a, zai yi aure, abin da ake buƙata kawai a riƙa kai shi ana manna masa wayoyi a ƙirji ana duba bugun zuciyarsa, ranar da ta fara jinkiri a riga ta. Surukata ba ta ce ta yarda ba, amma ta sa aka kama masa zabuwa. Maigidana ya raka shi tasha, ya dawo ya ce mini in shirya yaron, shi da kansa zai kai shi asibiti.

Tun daga nan Kawu ya ɗauki yaron kamar abokinsa. Ya koya masa yadda zai jingina da bango yana miƙe agara, su biyu a jere suna yi suna ƙorafi. Ya kuma ɗauki wata ɗabi'a da ta bi shi har ƙarshe. Duk ɗan dangi da ya miƙo masa hannu, maimakon musabaha sai ya kama tsintsiyar hannun ya yi shiru yana saurare. Yara suka riƙa miƙa masa hannu a kife tun daga nesa.

Ba kowa ya ci nasara a kansa ba. Ƙanwar Inna, wadda muke kira Inna Ƙarama, tana aure a Zurmi, ɗanta namiji ɗaya ne kuma mai sanɗa ne. Manomi ne, mai fara'a, bai daɗe da aure ba. Kawu ya yi ta zuwa, har a lokacin da hanyar ta lalace direbobi ba sa tashi sai sun ji labarin wanda ya fito daga can. Uban yaron ya ce ba za a tsaga masa ɗa lafiyayye a cusa masa batir kamar tocila ba. Shi kuwa saurayin dariya yake yi, ya ce Kawu ya bari a gama girbi. Zuwan Kawu na ƙarshe ya kama hannun saurayin ya ji abin da ya ji, ya roƙi uban har ya cire hularsa, abin da ban taɓa jin ya yi wa wani ba. Aka ce masa an ji. Ana cikin ɗaurin gero yaron ya faɗi.

A wurin wannan gaisuwa Inna da Kawu suka haɗu. Ta aike ni in kira mata shi bayan ɗaki, inda babu mutane. Ya zo ya tsaya. Inna ta ce da ya kira ta gefe tun farko ya yi mata bayani kamar mutum, da ba a kai haka ba.

Ya ce, “Yaya, na yi kuskure ga yadda nif faɗa. Abin da nif faɗa kuwa yana nan.”

Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ta zaro hannunta daga cikin mayafi ta miƙa masa a kife. Ya riƙe, idonsa ya cika, ya ce nata lafiya lau, amma mata ma ya kamata a riƙa duba su in shekaru sun ja. Ta ce to sai ya sa rana.

Da ya yi ritaya sai ya mayar da abin aiki. Ya bi zuriyar Kaka da ta 'yan'uwanta mata gida-gida, duk inda wata ta yi aure. Haka ya gano wata jikanya da aka aurar a rugar Fulani wajen Jangeru, ya je ya kwana biyu a can, ya dawo da 'yan kalmomin Fulatanci da yake faɗa ba daidai ba. Ɗanta ne matashin da ya zo gaisuwa da ubansa, yanzu shi ma da batirinsa. Wasu gidajen sun karɓe shi, wasu sun ba shi ruwa sun sallame shi. In ya dawo a gajiye yakan zauna a bencin mai kemis su yi ta musu a kan siyasa har ransa ya yi sanyi.

A shekarunsa na ƙarshe zuciyar ta gaji. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Likitoci suka ce batir yana iya tunatar da zuciya, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure don ya ƙi a ɓoye shi a ɗaki. Mutane na shigowa da fuskar tausayi, shi kuwa yana karɓarsu kamar mai biki. Ya ce mini a duk mazan gidanmu masu sanɗa shi ne na farko da Allah ya ba jinya. Sauran ba wanda ya samu ya nemi gafarar kowa, ba wanda ya yi sallama da matarsa. Shi ya yi duka. Ya kira babbar ɗiyarsa ya roƙe ta gafarar kukan da ya sa ta, ya kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Inna ta tare a gidan, ita ke dama masa kunu, suna faɗa a kan yawan sukari.

Abu biyu ya bar mini. Na farko yaron wajena, wanda yanzu ya zama saurayi, ya ce kada mu jira sai ya faɗi, duk ranar da likita ya ce lokaci ya yi a yi aikin. Na biyu Zurmi. Marigayi ɗan Inna Ƙarama yana da ƙanwa, ta haifi maza, babban ya fara ɗaga dunduniya, kuma suna zaune ne a hannun kakansu, mutumin da ya ce ba za a tsaga masa ɗa ba. Kawu ya ce wannan ne kawai abin da zai tafi da shi a maƙogwaro. Ya rasu da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa, hannunsa cikin na yayarsa.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa wahalar hanyoyin da ya bi saboda 'ya'yan wasu ta tarbe shi a can. Fushinsa kuma Allah ya yafe, mu dai mun yafe.

Da aka yi addu'ar bakwai baƙi suka watse, ina haɗa kayana zan koma Shinkafi, Inna ta shigo da mayafinta a kafaɗa da 'yar jakarta. Ta ce ba Shinkafi za mu ba, Zurmi za mu. Na ce mata hanyar ba ta da kyau, ga ƙafarta, ga mijin Inna Ƙarama bai saurari malami ba balle mu mata. Ta ce malami ya je masa da ilimi, ita za ta je masa a matsayin wadda ta yi gardamar da ta fi tasa, ta ga kuma inda gardama ta kai.

A tasha muka samu mota ba ta cika ba, muka zauna a baya muna jira. Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Ta gyara zama ta ce in sake faɗa mata abin tun daga farko, a hankali, kada ta je gaban mutane ta yi kuskure. Na fara. Ta riƙa maimaitawa a bayana, ƙwaya, cibiya, tantani, raga, tana tsayar da ni in ta rasa gane wani wuri, tana sa ni in koma. Wata mata da ke kusa da mu ta juyo tana kallon mu, Inna ba ta ko kula ta ba.

Da direba ya tayar da mota na tambaye ta, in ya kore mu fa?

Ta ɗaure bakin jakarta ta ɗora a cinya. Ta ce, “Sai mu kwana gun ƙanwata, da sahe mu koma mai.”